Ganuwa da Mai Tsaron Ƙofa: Yadda Za Mu Kare Kwamfutocinmu na Gida

Laccar da aka gabatar gaban 'yan'uwa ɗalibai da matasan ma'aikata a Kalgo



Muna godiya ga Allah da ya tara mu lafiya, muna kuma godiya ga shugabannin ƙungiya da suka ɗora mana nauyin yin magana a kan tsaron kwamfutar gida. Mun san akwai waɗanda suka fi mu sani a cikin ɗakin nan, to amma tun da an ba mu dama, za mu faɗi abin da ya sawwaƙa, kuma za mu faɗe shi da harshenmu domin kowa ya tafi da abin da zai yi aiki da shi.

Bari mu soma da tarihin gida. A shekarar 1805 ne Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya taso da jama'arsa ya sauka Gwandu. A ƙarshen shekarar nan aka gwabza yaƙin Alwasa, inda jama'ar Shehu suka yi hasarar mazaje masu yawa, har rundunar da ke gaba da su ta biyo su bakin Gwandu, alhali kuwa garin ba shi da ganuwa. Sun samu sun kore ta, amma ba su mai da sa'ar ran nan abin dogaro ba, domin a 1806 Muhammadu Bello ya soma ginin ganuwar garin. Tun kafin wannan ma, a ƙarni na 16, Muhammadu Kanta ya kewaye Surame da ganuwar dutse wadda kufanta ke nan har yau. Ashe ke nan magabatanmu na kowane ɓangare sun yarda da abu guda, watau duk inda aka tara abu mai daraja tilas a kewaye shi, a yi masa ƙofofi ƙididdigaggu, a kuma ajiye mai tsaro a kowace ƙofa.

Abin da ya sa maganar ta shafe mu

Yau dukiyarmu mai yawa ta bar cikin akwati da ƙarƙashin katifa ta koma cikin na'ura. Tun daga 2015 ba a rubuta jarrabawar JAMB sai da kwamfuta. Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da aka kafa a 2013, wadda mazauninta ke nan Kalgo, ta jawo ɗaruruwan samari da 'yan mata masu yawo da kwamfutar tafi-da-gidanka a jaka. Ɗalibi da ita ya ke rajista, da ita ya ke biyan kuɗin makaranta, cikinta kuma kundin bincikensa na shekarar ƙarshe ya ke kwana. Ma'aikaci kuwa ya kan zo da aikin ofis gida, da jerin sunayen masu albashi, da lambobin asusunsu na banki, da takardun da aka ba shi amana.

Akwai wata magana da mu kan ji a bakin 'yan'uwa, wai ni talaka, ɗan makaranta, me gare ni da wani zai sata? Amsar ita ce, yawancin ɓarayin intanet ba su san sunan kowa ba, ba su kuma damu su sani ba. Manhaja su ke saki tana zagaya adireshin kwamfutocin duniya dare da rana, tana ƙwanƙwasa ƙofa bayan ƙofa, duk wadda ta tarar a buɗe sai ta shige. Ba ruwanta da ko na'urar tana Landan ko tana Kalgo. In ta shiga, ko babu kwabo a asusunka, akwai hotunanka, da sunayen abokanka da za a roƙa kuɗi da sunanka, akwai kuma ita na'urar kanta da za a mayar baiwa a riƙa kai wa wasu hari da ita. A 2016 wata manhaja mai suna Mirai ta kame dubban ƙananan na'urori na gidajen mutane, irin su kyamarorin tsaro da na'urorin rarraba intanet, ba don komai ba sai don masu su ba su canja kalmar sirrin da aka sayo su da ita ba. Da waɗannan na'urori aka kai harin da ya tsayar da manyan shafuna irin su Twitter da Netflix a sassan Amurka ranar 21 ga Oktoba na shekarar.

Yadda ganuwar kwamfuta ke aiki

Abin da mu ke kira ganuwar kwamfuta, Turawa sun aro sunansa daga katangar da a ke ginawa tsakanin ɗakuna don hana gobara tsallakawa. Mu dai ganuwa ta fi dacewa da fahimtarmu, kuma ga dalili.

Duk saƙon da ke tafiya cikin intanet, ko wasiƙa ce ko hoto ko murya, sai an yayyanka shi ƙulli ƙulli. Kowane ƙulli yana ɗauke da adireshin wanda ya aiko shi, da adireshin inda za shi, da lambar ƙofar da zai shiga. Kowace kwamfuta tana da irin waɗannan ƙofofi fiye da 65,000, kuma kowane aiki da tasa ƙofar. Shafunan intanet masu kulle ta ƙofa ta 443 su ke bi. Musayar fayil tsakanin kwamfutocin Windows ta ƙofa ta 445 a ke yi. Ƙofa ta 3389 kuwa ita ce wadda mutum zai bi ya sarrafa kwamfuta daga nesa kamar yana zaune gabanta. To ku duba fa, gari mai ƙofofi 65,000 in babu mai tsaro, ai sunansa fili.

Aikin ganuwa shi ne ta tsaya tsakanin kwamfuta da waje, ta duba kowane ƙulli, ta auna shi da dokokin da aka ba ta, sannan ta bar shi ya wuce ko ta hana shi. Ganuwar zamani tana da wata dabara mai kyau, watau tana riƙe lissafin duk aiken da ya fita daga cikin gida. In ka buɗe shafin jami'a, kai ka aika, don haka idan amsa ta dawo sai ta gane ta ta buɗe mata. Amma ƙullin da ya zo haka kawai, babu wanda ya aika a kira shi, sai ta tsayar da shi waje. Haka sarkin ƙofa ya ke yi a da. Ya san ɗan garin da ya fita gona da safe, in ya dawo da maraice ba ya tambayarsa, amma baƙon da ya zo da tsakar dare sai ya kwana bayan ganuwa.

Abin farin ciki shi ne ba sai mun sayi wannan ganuwa ba. Tun 2004 kamfanin Microsoft ya ke sakin Windows da ganuwarta a kunne. Abin da ya rage mana kawai mu tabbata ba a kashe ta ba, domin sau da yawa mai gyara ko aboki ya kan kashe ta don wata manhaja ta ƙi aiki, ya kuma manta bai mayar ba. A shiga Windows Security a duba sashen ganuwa, a ga ko'ina yana kunne. Masu kwamfutar Apple da masu Ubuntu su lura, tasu ganuwar ba ta zuwa a kunne, sai mutum ya kunna da kansa.

Har wa yau, idan ka haɗa kwamfuta da wata sabuwar hanyar intanet, Windows tana bambanta hanyar gida da hanyar jama'a. In a ɗakin karatu ne, ko otal, ko wayar wani aka jona, a bar ta a matsayin hanyar jama'a, domin a nan ne ganuwa ke ƙara tsanani ta ɓoye kwamfutarka daga sauran na'urorin da ke wurin. Wanda kuma ke da ƙaramar na'urar rarraba intanet a gida, ya canja kalmar sirrin da ta zo da ita tun ranar da ya saye ta, da ta shiga intanet ɗin da ta sarrafa na'urar kanta.

Sai bango ya tsage

Ganuwar ƙasa kowace damina sai ta zaizaye, shi ya sa a da a kan yi gayya bayan kaka a yi mata yaɓe. Manhajar kwamfuta ma haka ta ke. Mutane ne suka rubuta ta, kuma kullum a kan gano kurakurai a cikinta waɗanda ɓarawo zai iya bi ya shiga. In an gano, sai kamfanin ya aiko da gyara, shi ne abin da a ke kira sabuntawa.

Ga misalin da ya isa wa'azi. Ranar 14 ga Maris 2017 Microsoft ya saki gyaran wata ɓaraka da ke wajen ƙofa ta 445. Mutane da ma'aikatu da yawa ba su kula ba. Ranar 12 ga Mayu, bayan wata biyu ke nan, sai wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta ɓulla ta wannan ɓaraka, ta shiga kwamfutoci fiye da 200,000 a ƙasashe wajen 150. Duk wadda ta shiga sai ta kulle fayilolin da ke ciki, ta nemi fansar dala 300 kafin a buɗe. A Ingila asibitocin gwamnati sai da suka soke ganin dubban marasa lafiya. Wanda ya karɓi gyaran nan na Maris bai ji komai ba, haka kuma wanda ganuwarsa ta toshe ƙofa ta 445 daga waje. Magani yana nan kyauta wata biyu kafin cutar ta zo.

Mun san abin da ke hana mu sabuntawa, tsadar data ce, balle tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a watan Janairu 2025. Wannan uzuri ne na gaskiya, ba mu raina shi ba. Amma akwai datar dare mai rahusa, kuma mutum zai iya ware dare ɗaya a wata domin wannan aiki. Kuɗin da zai kashe bai kai na sake buga kundin bincike tun daga babi na ɗaya ba.

Wata matsalar kuma ita ce yawancin kwamfutocinmu na hannu ne, sun sha aiki a Turai kafin su iso mana. Microsoft ya daina aiko wa Windows XP gyara a Afrilu 2014, ya daina wa Windows 7 a Janairu 2020, Windows 10 kuma wa'adinta ya cika ranar 14 ga Oktoba 2025, in ban da ƙarin ɗan lokaci ga waɗanda suka yi rajistarsa. Kwamfutar da aka daina yi wa gyara tamkar ganuwa ce da aka daina yaɓewa, kowace shekara ɓarakarta ƙaruwa ta ke yi. In na'urarka za ta ɗauki Windows 11, ka koma can. In ba za ta ɗauka ba, kada ka yar da ita, akwai Ubuntu da Linux Mint, kyauta ne, suna tafiya lafiya a kan tsofaffin na'urori, kuma ana aiko musu da gyara.

Da ɗan gari a kan ci gari

Yanzu mun zo inda maganar ta fi nauyi. Ganuwa tana hana baƙon da ba a gayyata ba, amma ba ta da iko a kan wanda mai gida ya riƙo hannunsa ya shigo da shi. Hanyoyi uku ne mu ke shigo da ɓarawo da hannunmu.

Ta farko ita ce filashi. Ɗalibi ya kai aikinsa shagon buga takardu, aka soka filashinsa a kwamfutar da filashi hamsin suka shiga a ranar, ya dawo ya soka a tasa. Da yawanmu mun ga irin cutar nan da ke ɓoye fayiloli ta bar gumakan ƙarya a madadinsu, kana latsawa ta bazu. Wannan hanya tsohuwa ce. Cutar farko da ta yaɗu a kwamfutoci irin na IBM, mai suna Brain, daga Lahor ta Pakistan ta fito a 1986, kuma a kan faifan ajiya ta yi ta yawo hannu zuwa hannu. Stuxnet da aka gano a 2010, wadda ta lalata injunan nukiliya na Iran a Natanz, an gina ta ne ta riƙa yaɗuwa ta filashi domin ta kai ga na'urorin da ba su haɗe da intanet. In wurin da sojoji ke gadi bai tsira ba, ina ga ɗakin kwanan ɗalibi? Dabarar ita ce a mai da aiki PDF a tura wa mai shago ta imel ko WhatsApp. In kuwa tilas sai da filashi, a ware guda domin shago kaɗai, a kuma sa Microsoft Defender ya bincike shi kafin a buɗe komai.

Ta biyu ita ce manhajar sata, wadda aka fasa kullenta a ke rabawa kyauta. Ku lura, yawancinsu umarnin farko da su ke bayarwa shi ne a kashe manhajar riga-kafi kafin a girka su. Baƙon da ya ce ba zai shiga gidanka ba sai ka ɗaure kare ka kashe fitila, ai ya riga ya faɗa maka sana'arsa. Wanda ba shi da kuɗin sayen Microsoft Office ya sauke LibreOffice daga shafinsu na ainihi, halal ne, kyauta ne, kuma yana rubutu da lissafi daidai gwargwado.

Ta uku, wadda ta fi cin mutanenmu, ita ce yaudara. Saƙo ya zo wai gwamnati na raba tallafi, ko ana ɗaukar ma'aikata, ko an buɗe bashin karatu, ko kuma wai za a rufe asusunka in ba ka sabunta BVN yau ba. Shafin da za a tura ka ya yi kama da na gaskiya har da tambari. Alamominsu ba su ɓuya. Akwai gaggawa, akwai kwaɗaitarwa ko tsoratarwa, sannan a ƙarshe a nemi wani sirri. Mu riƙe wannan da kyau: shafunan hukumomin gwamnatin Nijeriya da .gov.ng su ke ƙarewa, na jami'o'i kuma da .edu.ng, kuma gara mutum ya rubuta adireshin da hannunsa da ya latsa wanda aka turo masa. Ɗan kwaɗon nan da ke bayyana a gefen adireshi yana nuna cewa hanyar a rufe ta ke daga masu leƙe, amma ba ya shaidar halin mai shafin, domin ɓarayi ma suna da shi. Babu bankin da zai kira ka ya nemi lambar sirrin katinka ko lambar nan da a ke turowa ta amfani sau ɗaya. Haka nan lamba shida da WhatsApp ke turowa, duk wanda ya ce ka karanto masa ita, ko da ya ce daga ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ya ke, asusunka ya ke so ya ƙwace. Waɗanda suka zuba kuɗi a MMM kafin ta tsaya a Disamba 2016, da waɗanda CBEX ta rufta da su a Afrilu 2025, babu ganuwar da aka fasa musu. Hausawa sun gama magana da suka ce kwaɗayi mabuɗin wahala.

Mabuɗi da rumbun tsimi

Kalmar sirri ita ce mabuɗin gida. Lamba huɗu hanyoyi 10,000 kawai gare ta, kwamfuta kuwa kafin ƙiftawar ido ta gwada su duka. Ƙananan haruffa takwas na boko suna ba da hanyoyi fiye da biliyan 208, in aka ƙara huɗu suka zama goma sha biyu, adadin ya ninka sau 456,976. Ashe tsawo shi ne ƙarfi. A haɗa kalmomi huɗu ko biyar na Hausa waɗanda ba su da dangantaka da juna, a sa lamba a tsakani. A guji sunan ɗa, da shekarar haihuwa, da lambar waya, da sunan kulob ɗin ƙwallo, domin duk suna nan a shafinka na Facebook. Kada kuma a yi wa ƙofofi duka mabuɗi ɗaya, musamman imel, tun da ta nan a ke sake kalmar sirrin sauran asusai. Daɗin daɗawa a kunna tabbaci mai hawa biyu a Gmail da Facebook da WhatsApp, yadda ko an sace kalmar, sai an nemi shaida ta biyu. Layin waya ma a sa masa lambar kulle, gama wanda ya tsinci layinka ya kama hanyar asusunka na banki, kuma a san lambar da bankinka ya tanada ta rufe asusu cikin gaggawa tun kafin ranar buƙata.

Duk da haka, wata rana a kan ci gari komai tsayin ganuwarsa, shi ya sa manomi mai hankali ke da rumbun tsimi. Ba ɓarawo kaɗai ke cinye aiki ba. Akwai ƙurar hunturu, da zafin bazara, da wutar lantarki mai zuwa da ƙarfi, da faɗuwa daga kan babur. Ƙa'idar da masana suka yarda da ita ita ce kwafi uku, a kan ma'aji iri biyu, ɗaya daga ciki a wani wuri dabam. Ga ɗalibi, wannan na nufin ɗaya a kwamfuta, ɗaya a filashin da ba ya zuwa shago, ɗaya kuma a Google Drive, wanda ke ba kowa gigabait 15 kyauta. A cire filashin bayan an kwafa, domin manhajar neman fansa tana kulle duk abin da ta tarar a jone.

Amana

Yayyenmu ma'aikata, ku gafarce mu mu yi muku magana ta musamman. Fayil ɗin da ke cikin kwamfutarku ba naku ba ne. Na malamin firamare ne a Gwandu, da ma'aikaciyar asibiti a Kalgo, da tsohon da ke jiran fansho. In ya fita, su za a yi wa sata, su da ba su san hawa ba ba su san sauka ba. Dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a Yuni 2023 ta ɗora wa duk mai riƙe irin wannan bayani nauyin tsare shi, amma tun kafin doka addini da tarbiyya sun riga sun ɗora. In yara suna wasa da kwamfutar gida, a buɗe musu nasu asusun dabam wanda ba shi da ikon girka manhaja.

Mu kuma ɗalibai, ilmin nan kaifi biyu gare shi. Dokar laifuffukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta tanadi ɗauri ko tara ga masu kutse da masu damfara. Wani ma ba ya damfarar kowa, asusunsa kawai ya ara wa aboki aka zuba kuɗi ya ciro aka ba shi lada, amma ranar da hukumar EFCC ta bi sawun kuɗin, a kan sunansa da BVN ɗinsa za ta tsaya. Iyayenmu sun sayar da shinkafa da albasa sun kawo mu nan domin mu zama masu tsaron ƙofa, kuma ƙasar nan tana matuƙar buƙatar masu wannan sana'a ta halal.

A ƙarshe, muna roƙon kowa kafin ya kwanta yau ya yi abu uku. Ya duba ganuwarsa ko tana kunne, ya kunna tabbaci mai hawa biyu a imel da WhatsApp, ya kuma kwafe aikinsa mafi daraja zuwa wuri na biyu. Dukansu ba za su ci sa'a guda ba. Idan kuma muka koma gida hutu, mu zauna da iyaye da ƙanne mu duba musu wayoyinsu, mu gaya musu lambobin da ba a faɗa wa kowa, domin a da ma ba mutum ɗaya ke yaɓe ganuwa ba, unguwa unguwa a ke rabawa kowa ya gyara sashensa.

Shugaba, a nan za mu dakata domin a samu lokacin tambayoyi.  Allah ya tsare mu da dukiyarmu da mutuncinmu, ya ba mu ilmi mai amfani, ya mai da kowa gidansa lafiya.